In dutse ya faɗo daga sama: Legas za mu zauna ko gida za mu nufa?

Sani Mai Albasa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya muna kwance kan buhuna a kasuwar Mile 12 muna jiran motar Aliero da ta maƙale a hanya, sai wani yaro cikin 'yan dako ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne aka haɗa, wai ga ƙaton dutse ya taso daga sararin samaniya ya daki duniya, wuta ta zagaye ko'ina. Na ce masa aikin kwamfuta ne. Ya rantse mini cewa har Legas an taɓa sa ta cikin garuruwan da wani dutse zai iya faɗa wa. Ban runtsa ba sai bayan asuba. Masu boko, da gaske ne? In kuma abin ya auku, me zai rage na ɗan Adam?

Ɗan Agege:
Yaya Sani, albasarka da ke gumi a hanya ce ta hana ka barci, kada ka ɗora wa dutse laifi.

Ticha Bashir:
Wa alaikumus salam. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai labarin ya tsufa. A ƙarshen Disamban 2024 aka hango wani dutse da aka laƙaba wa 2024 YR4, faɗinsa wajen mita 60. Da aka lissafa tafiyarsa, aka ga zai iya haɗuwa da duniya ranar 22 ga Disamba, 2032. A watan Fabrairun 2025 yiwuwar ta kai kashi 3 cikin 100, kuma layin da aka zana na inda zai iya sauka ya bi ta arewacin Kudancin Amurka, ya ratso tekun Atlantika, ya keto Afirka ta wajenmu, ya wuce Indiya. Abin da ya sa jaridu suka riƙa ambaton Legas ke nan. Kafin watan ya ƙare aka ƙara auna shi da kyau, aka ga zai wuce mu. Wannan dai an rufe babinsa.

Maman Ummi:
Mita 60 kawai? Ai bai kai layinmu na Idi-Araba tsawo ba. Shi ne ake ta wannan kururuwa?

Ticha Bashir:
Hajiya, ba girman ba ne, gudun ne. Irin waɗannan duwatsu kan shigo da gudun wajen kilomita 20 a daƙiƙa ɗaya. Daga nan zuwa Kano bai cika minti guda ba. Ranar 15 ga Fabrairu, 2013 wani mai mita 20 kacal ya tarwatse a saman birnin Chelyabinsk na Rasha. A sama ya fashe, gutsattsarinsa kawai suka iso ƙasa. Mutane suka ga haske ya fi rana, suka ruga tagogi kallo, can sai ƙarar ta iso ta farfashe gilasai a fuskokinsu. Wajen mutum 1,500 suka je asibiti. A 1908 kuma wanda ya fashe a Tunguska cikin dajin Saiberiya ya kwantar da itatuwa a fili fiye da murabba'in kilomita 2,000. Ki ɗauko wannan filin ki kifa shi kan Legas.

Amma duk waɗannan masu cin gari guda ne. Tambayar Sani kan mai cin duniya ce. An taɓa yi, shekara miliyan 66 da suka wuce, a gaɓar Yukatan ta ƙasar Meziko. Dutsen ya kai kilomita 10, ramin da ya bari ya kai kilomita 180. Kashi uku cikin huɗu na jinsin halittu suka ƙare, har da manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangare da ake kira dainaso.

Alhaji Mai Canji:
Shekara miliyan 66. Ticha, wa ke nan ya rubuta kwanan watan? Turawa dai ba sa rasa abin tsorata mutane su ci kuɗin bincike.

Bafaskare:
Alhaji, maganar miliyoyi ka yi musu da Ticha, amma faɗowar dutse daga sama kada ka musa, don a ƙasarmu aka yi. Ranar 3 ga Oktoba, 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, dab da wani manomi da ke cikin gonarsa. Daga baya masana suka gano ɓallin duniyar Mas ne. Har yau sunan Zagami yake amsawa a duk inda aka ajiye gutsurensa.

Ticha Bashir:
Kuma kwanan watan a jikin ƙasa yake rubuce, Alhaji. A 1980 wani masani Luis Alvarez da ɗansa Walter suka nuna wani siririn layin yumɓu a cikin duwatsu, cike da wani ƙarfe da ake kira iridiyam, wanda yake da ƙaranci a doron ƙasa amma yana da yawa a duwatsun sama. An sami layin a Italiya, an same shi a Danmak, an same shi a wurare da dama. A ƙarƙashinsa ƙasusuwan dainaso, a samansa babu. In kana son ganin rami da idonka ma ba sai ka je Meziko ba. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi ramin dutse ne.

Maigadi Ɗan Tawa:
Ni tambayata guda. Gidan da nike gadi a Lekki, in dare ya tsala ina jin ƙugin teku daga ƙofa. Ruwan sama na awa ukku ma sai mun naɗe wando. In dutsen nan cikin teku ya faɗa, me za ya same mu?

Ticha Bashir:
Malam, kashi 70 cikin 100 na bayan ƙasa ruwa ne, don haka faɗawa teku ta fi kusa. In babba ne kuma Atlantika ya samu, igiyar ruwa za ta taso tana gudu a tsakiyar teku kamar jirgin sama. Lekki, Ikoyi, Obalende, Makoko, Apapa, duk da kaɗan suka ɗara teku tudu. Katangar da aka yi wa Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku aka gina, don igiyar guguwa aka yi ta, ba don irin wannan ba. Ka tuna ambaliyar tekun Indiya ta Disamban 2004, girgizar ƙasa ce kawai ta tayar da ita, ta ci mutum fiye da 200,000.

Ɗan Agege:
To mu 'yan Agege mun tsira ke nan. Masu kuɗin Banana Island su zo mu ba su hayar ɗaki.

Baba Na Oshodi:
Yaro, bar dariya. Ni na ga ranar da Legas ta gudu. Lahadi ce, 27 ga Janairu, 2002, da yamma, ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta. Ina shagona na ji ƙasa ta motsa, kwanon rufi yana kaɗawa kamar ganga. Babu wanda ya san mene ne. Wani ya ce juyin mulki, wani ya ce yaƙi ya zo. Kowa ya bi bayan na gabansa. Na ga mace da takalmi ƙafa ɗaya, riƙe da murfin tukunya, ba ta san tana riƙe da shi ba. Waɗanda suka nufi Oke-Afa duhu ya riske su, ga magudanar ruwa ciyawa ta rufe samanta kamar kainuwa, suka ɗauka fili ne. Na baya na turo na gaba. Fiye da mutum 1,000 suka rasu a ranar, akasarinsu a ruwan nan, da yawa yara ƙanana. Bama-baman ba su kashe ko kusa da abin da gudun ya kashe ba. To wannan bariki ɗaya ne. Ku ƙiyasta a ce wa Legas gaba ɗaya ta tashi.

Maman Ummi:
Innalillahi. Allah ya jiƙansu, Baba.

Direba Ɗan Gusau:
Amin. Ni kam ba zan jira a ce a tashi ba. Ranar da aka sanar, tirelata na Ojota, mai hamsin ne ko ɗari ku hau bisa kaya mu yi Arewa. Kowa ya mutu a ɗakin uwarsa.

Sani Mai Albasa:
Ta wace hanya, Direba? Kai da bakinka kake ba mu labarin tanka ɗaya ta faɗi a hanyar Ibadan kun kwana biyu. Ga gadar Jebba, ga ta Lakwaja. Mutum miliyan nawa za su bi ta kansu rana guda? Man dizal kuma a ina?

Direba Ɗan Gusau:
Kakanninmu fatake da ƙafa suka zo Ikko sayen goro. Da ƙafa sai mu koma.

Ticha Bashir:
Ku tsaya, don nan ne ainihin maganar take. Ruwa da wuta na kwanakin farko ne, kuma sun fi cin waɗanda ke kusa. Abin da ya ƙarar da halittu a wancan karo duhu ne. Dutsen ya niƙe ƙasa ya watsa ƙura sama, ƙasar wurin kuma cike take da farar wuta, ga kunkunniyar dazuzzukan da suka ƙone. Duk suka haye can sama da inda hadari ke haɗuwa, inda ruwan sama ba ya kaiwa balle ya wanke su. Kun san hazon hunturu a Kano ran da za ka dubi rana ido da ido kamar farin faranti, jirgi ya kasa sauka? Wannan ƙurar Chadi ce kawai, kwana kaɗan ta washe. Ku ninka ta har tsakar rana ta koma kamar bayan magariba, a kuma ɗauki kusan shekara biyu tsiro bai samu hasken da zai rayu da shi ba. Sanyi ya sauka da fiye da digiri 10, a shafe shekaru kafin ya sake. Damina kanta zafin rana ke jawo ta daga teku. Ba rana, ba damina.

To Direba, ka isa Gusau lafiya. Me za ka shuka?

Direba Ɗan Gusau:
Kai Ticha, ana kukan targaɗe kai kana kawo karaya.

Ticha Bashir:
An ɗanɗana kaɗan a tarihi ai. Dutsen Tambora na Indunusiya ya yi aman wuta a 1815, shekarar da ta biyo baya ƙanƙara ta kashe amfanin gona a Amurka a tsakiyar lokacin zafi, Turai ta yi yunwa. Dutse ɗaya mai aman wuta ke nan.

Sani Mai Albasa:
In maganar abinci ce, ni na fi Ticha sanin wannan karatun. Legas ba ta da rumbu, tirela ce rumbunta. Kun manta ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, da ƙungiyar fataken abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu? Mako guda bai cika ba. Na ga Mile 12 da idona, wurin da kake turereniya da masu kwando ya koma fili, har ka hango ƙarshen layi. Mata masu sari suna zagaye kwando ɗaya na tumatur da ya fara ruwa, wanda a da mu ke roƙo a ɗauka. Mayankar Oko-Oba shiru. Can gida kuma tumatur na ruɓewa a Kadawa ba mai saye. Wannan fa rana na fitowa, gona na bayarwa, hanya kawai aka rufe. Ni a ganina Legas ba za ta kai wata guda ba.

Alhaji Mai Canji:
Mai kuɗi ba ya yunwa, Sani. Jirgin ruwa zai kawo shinkafa daga waje.

Maman Ummi:
Daga wace wajen, Alhaji? Ba ka ji an ce duhun na kowa ba ne? Farkon 2023 ma da aka canja kuɗi, na ga mai mota ya tsaya gaban tukunyata, kuɗi fal a asusu, yana roƙon in ba shi tuwo bashi don tiransifa ta ƙi tafiya. Ranar nan dalarka ko ƙosai ba za a naɗe da ita ba, don babu waken.

Ɗan Agege:
Hajiya ta gama da Alhaji.

Malam Liman:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Abu biyu nake so a rarrabe. Tashin alƙiyama saninsa na wurin Allah shi kaɗai, ba na'urar da za ta hango shi, kuma ba wanda zai tsira daga gare shi. Abin da Malam Bashir ke bayani bala'i ne irin na duniya, kamar fari da annoba, sai dai ya fi su girma. Kada wani ya ɗauki ranar da masana suka ambata ya ce ranar alƙiyama ce, kada kuma wani ya ce yin tanadi rashin tawakkali ne. Annabi Yusufu, alaihis salam, shekara bakwai ya sa aka tara don shekara bakwai, kuma ya ce a bar hatsin cikin zangarniyarsa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dalili. Geron da aka sussuka ƙwari ke rigan ka ci, wanda ke cikin dami a rumbu kuwa sai ya shekara uku, huɗu.

Baba Na Oshodi:
Allah ya gafarta Malam, haka yake. Mahaifina ba ya buɗe rumbun bana sai na bara waccan ya ƙare. A farin 1973 wannan ɗabi'ar ce ta riƙe gidanmu, shanu kuwa muna kallo suka zube. Shi kuma kakana labarin Kakalaba yake ba mu, yunwar 1914, wai har gidan tururuwa aka riƙa tonawa ana kwashe hatsin da ta tara. Yanzu fa? Tun amfani na gona ɗan kasuwa ya biya. Kaka ta yi, mota ta kwashe zuwa Dawanau, a sayi babur da waya. Ku da kuke cewa za ku gudu gida, ku buga waya ku tambaya gida nawa ne a garinku ke da hatsin shekara biyu a ajiye.

Direba Ɗan Gusau:
Baba, ba don son rai ba ne. A wajenmu wanda ya cika rumbu ya kira 'yan bindiga da bakinsa.

Nas Hauwa:
Ni abin da ba ku taɓo ba shi ne magani. Mai ciwon suga da ke allura kullum, mai wankin ƙoda, mai jiran tiyatar haihuwa. Allurar rigakafi sai da firiji, firiji sai da wuta, sola kuma sai da rana. Ga ruwan sha: rabin Legas burtsatse ne da famfo mai aiki da janareta. Kafin yunwa ta kashe mutum ɗaya, kwalara ta kashe goma.

Ɗan Agege:
Wasa a gefe. Kowa na cewa gida, gida. Ni a Agege aka haife ni, a nan aka haifi babana, kakana ne ya zo da shanu a jirgin ƙasa. Sau biyu na taɓa zuwa Kano, can ma ɗan Ikko suke ce mini, suna dariyar Hausata. Ban taɓa riƙe fartanya ba. Ina ne nawa gidan? Ni dai a nan zan tsaya, ko ba komai akwai kifi a teku.

Ticha Bashir:
Ƙanena, kifin ma da rana yake rayuwa. Ƙananan tsirrai da ke yawo a saman teku su ne tushen abincinsa, kuma a wancan karo teku ta ji jiki ƙwarai. Amma ba ka yi nisa da gaskiya ba. Waɗanda suka tsallake su ne ƙanana, masu shiga rami, masu cin duk abin da suka samu, da na cikin kogi da fadama masu rayuwa kan ruɓaɓɓen ganye: kada, kunkuru, wasu tsuntsaye, da 'yan dabbobi masu kamar ɓera. Kusan duk dabbar tudu mai girman jiki ta tafi.

Mu ɗan Adam manya ne, amma muna cin komai, mun fi biliyan 8, mun bazu ko'ina, kuma mun iya ajiya. Shi ya sa ni a nawa hangen ba za mu ƙare ƙaf ba. Amma mafi yawa ba za su ga washewar gari ba, don hatsin da duniya ke da shi a ajiye na 'yan watanni ne. Waɗanda suka rage za su koma cin abin da ba ya bukatar rana sosai, irin su naman kaza da ke tsirowa kan mataccen itace. Babbar fitinar kuma ita ce iri. Mai jin yunwa zai iya kallon kwanon iri shekara biyu bai dafa ba? Saboda irin wannan tsoron aka haƙa ma'ajiyar iri cikin dutse a Svalbard ta ƙasar Nowe, aka buɗe ta a 2008. Nan kusa da mu ma, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan na riƙe da dubban nau'in wake, kuma ta aika da kwafinsu can.

Bafaskare:
Wato waken Ɗanja ya riga mu samun biza.

Alhaji Mai Canji:
To tunda sun iya hango shi, su harbe shi mana.

Ticha Bashir:
An gwada taɓa shi. Ranar 26 ga Satumba, 2022 hukumar NASA ta Amurka ta tura kumbon DART ya yi karo da wani dutse mai suna Dimorphos, mai wajen mita 160, da ke zagaya wani babba. Zagayen da yake yi cikin awa 11 da minti 55 ya ragu da kusan rabin awa. Dabarar ita ce a ture shi kaɗan tun yana nesa, shekaru kafin ya iso, kamar yadda Direba zai ɗan karkata sitiyari tun daga nesa. In ya zo dab, ko kuma mai kilomita 10 ne, wannan turin bai isa ba. Abin kwantar da hankali shi ne manyan ba sa ɓuya. An gano fiye da kashi 90 cikin 100 na masu kilomita ɗaya zuwa sama da ke giftawa kusa da mu, babu wanda ya nufo mu, kuma irin na Meziko sai a yi shekara miliyan 100 ba a ga ɗaya ba. Matsakaitan ne har yanzu ba a gama ƙirgawa ba. In Allah ya kai mu ranar Juma'a 13 ga Afrilu, 2029 da dare, wani mai suna Apophis, mita 340, zai wuce a nisan kilomita 32,000, ƙasa da inda taurarin ɗan Adam na talabijin suke. Daga Afirka za a gan shi da ido, in hadari da fitilun Legas sun bari.

Sani Mai Albasa:
To ni dai na fahimci abu ɗaya: ko na zauna ko na tafi, tambayar ita ce buhu nawa ne a ɗaki. Ni kuwa albasa gare ni, wata uku ta tsiro.

Maigadi Ɗan Tawa:
Ku mutanen Najeriya kun saba da ƙoshi shi ya sa. Mu can mun san abin da ake ci in gero ya ƙare. Akwai hanza, wani ɗan itace na daji da fari ba ya kashewa. 'Ya'yansa ɗaci kamar maɗaci, in ka ci haka nan sai ya illata ka. Tsohuwata takan ɓare su ta jiƙa a tulu, kullum ta zubar da ruwan ta sake sabo, tana ɗanɗanawa da bakin harshe, har ɗacin ya fita. Sannan ta dafa da ɗan gishiri da kanwa, mu ci kamar wake. A 2005 shi muka ci har ruwa ya sauka. In an shanya shi kuma yana daɗewa bai lalace ba.

Maman Ummi:
Kwana nawa ake jiƙa shi, Malam?

Maigadi Ɗan Tawa:
Ya danganta da ruwan, Hajiya. Wani ukku, wani har mako. Wahalar ita ce shekarar da ake bukatar shi, ruwan jiƙon ma sai an yi tafiya.

Maman Ummi:
In za ka dawo daga ganin gida ka riƙo mini mudu ɗaya. Ina so yaran nan su ga kamarsa, ko Indomie suka ƙi ci in nuna musu.

Maigadi Ɗan Tawa:
Sai bayan Babbar Salla in maigida ya ba ni hutu. Ki tanadi tulu, roba na sa shi wari.